Yaro Ne Ya Fasa, To Wa Zai Biya?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Yau zan yi magana ne a kan abin da mai karatu zai iya ganin bai kai a ɓata lokaci a kansa ba, wato gilashin taga. Laifin da zan bayyana kuwa nawa ne, saboda haka babu naman wanda za mu ci.

Gidan da nake zaune na haya ne, kuma tagoginsa irin na da ne, masu falle-fallen gilashi a jere, waɗanda muke kira luba. Wata rana bayan la'asar, a ƙarshen damina cikin watan Satumba, babban ɗana mai shekara tara yana buga ƙwallo da abokansa a tsakar gida, ni kuma ina zaune a kan tabarma ina duba littattafan ɗalibai, ina ganinsu ban hana ba. Sai ji muka yi tas! Falle ɗaya na tagar falo ya tarwatse. Yaran suka watse, nawa ya tsaya yana rawar jiki. Na yi ɗan faɗa, mahaifiyarsa ta share wurin, na yanko kwalin taliya na cusa a gurbin, na ce gobe in Allah Ya yarda zan nemo mai gyara.

Wannan goben sai da ta shafe wata huɗu. Ruwan ƙarshen damina ya jiƙa kwalin, na sake wani. Sauro ya sami ƙofa. Hunturu ya shigo, ƙura ta riƙa kwanciya a kan littattafaina, sanyin asuba yana ratsa falon. Daga bisani ƙanwarsa ta tura kwalin don ta leƙa waje, ashe akwai ragowar tsinin gilashi maƙale a jikin ƙarfen, ya yanke ta a yatsa. Duk da haka ban motsa ba, domin na tanadar wa zuciyata uzuri guda uku da nake juyawa kamar waina: gidan ba nawa ba ne, yaro ne ya fasa, kuma ƙaddara ce.

Abin da ya farkar da ni a aji ya faru. Muna karatun Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, mun zo babin da ya tattaro hukuncin aro da ajiya da tsintuwa da ƙwace. Na yi wa ɗalibai bayanin ƙa'idar mazhabar Malikiyya, cewa wanda ya lalata kayan wani, idan abin na awo ne ko na sikeli, kamar gero ko mai, kwatankwacinsa zai mayar, idan kuwa ba irin wannan ba ne, kamar riga ko akwati, ƙimarsa zai biya. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to idan ƙaramin yaro ne ya lalata fa, tun da an ce ba a rubuta masa zunubi?” Na ba ta amsa a take, ba tare da inda-inda ba. Da na dawo gida na ɗaga kai na ga kwalin nan, sai kunya ta rufe ni, domin amsar da na bayar da bakina ita ce hukuncin da ke kaina tun wata huɗu.

Bari mu ɗauki uzurorin nan ɗaya bayan ɗaya, domin na tabbata ba ni kaɗai nake fakewa da su ba.

Na farko, cewa yaro ne. Gaskiya ne ya tabbata a hadisi cewa ba a rubuta laifi ga yaro har sai ya balaga, haka ma mai barci da wanda hankalinsa ya gushe. To amma malamai sun rarrabe tsakanin zunubi, wanda yake tsakanin bawa da Ubangijinsa, da lamuni, wato wajabcin biyan abin da aka ɓata, wanda yake haƙƙin mai kaya. Rashin balaga yana ɗauke na farko, ba ya ɗauke na biyu, domin asarar mai kaya ba ta raguwa don hannun da ya jawo ta ƙarami ne. A Mukhtasar na Shehu Khalil da sharhohinsa an bayyana cewa yaro yana lamuntar abin da ya ɓata matuƙar ba mai kayan ne ya danƙa masa shi amana ba, a biya daga dukiyar yaron idan yana da ita, idan kuwa ba shi da ita, abin ya zauna a wuyansa har ranar da zai samu. Ka tsaya ka yi tunani, ya ɗan'uwa. Ashe wata huɗu ɗana yana yawo da bashi a wuyansa, ni da ya kamata in sauke masa ina ta sauya kwali. Balle ma a gabana aka buga ƙwallon ban tsawata ba, wanda hakan sakaci ne da ba zan iya ɗora wa kowa ba.

Na biyu, cewa ƙaddara ce, ba da gangan aka yi ba. Babu shakka kome da ƙaddarar Allah yake faruwa, kuma imani da ita rukuni ne. Sai dai ƙaddara abin rarrashin wanda aka yi wa ɓarna ce, idan ta koma bakin wanda ya yi ɓarnar don ya kuɓuta daga biya, to an ajiye ta inda ba wurinta ba. Dubi aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda Allah Ya wajabta diyya a kan kisan kuskure, sai dai idan dangin mamacin ne suka yafe. Kuskure ya ɗauke ƙisasi, amma bai ɗauke diyya ba, kuma yafiyar a hannun masu haƙƙi aka sanya ta.

Akwai kuma ƙissar akushin nan da Imamul Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA). Manzon Allah (SAW) yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa, sai wata ta aiko masa da abinci a akushi. Mai ɗakin ta bugi hannun mai hidimar da ya kawo, akushin ya faɗi ya fashe. Annabi (SAW) ya tattara gutsattsarin da abincin da hannunsa mai albarka, ya ba ta uzuri da cewa kishi ne ya motsa, bai muzanta ta ba. Amma bai sallami ɗan aiken ba sai da aka kawo lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa, aka aika wa mai fasasshen, shi kuma fasasshen aka bar shi a ɗakin wadda ta fasa. Ka ga an haɗa abu biyu a zama ɗaya: an tausasa wa mai laifi, an kuma mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa tun kafin a tashi. Mu kuwa a yau mun riƙe rabin farko mun saki na biyu.

Na uku, cewa gidan ba nawa ba ne. Wannan shi ne mafi raunin uzurorin, domin hujja ce a kaina. Ɗan haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa. Abin da ya lalace saboda tsufa, ko iska ta fizge ba tare da sakacinsa ba, ba a neman sa da shi. Amma abin da ya ɓaci ta hanyar ƙetare iyaka ko sakaci, wannan yana wuyansa. Da gidan nawa ne, da jinkirin ya tsaya a kan cutar da iyalina da sauro da sanyi. Da yake na wani ne, sai ya zamo na haɗa cutar da iyali da riƙe haƙƙin Musulmi.

Washegari Asabar na kira yaron na ce ya ɗauko asusunsa, inda yake tara kuɗin barka da salla. Muka fasa, na ɗebi kaɗan daga ciki, na ce sauran ni zan cika, domin ni ma ina da kaso a laifin. Muka tafi shagon mai yankan gilashi tare. A nan ma sai da na sha darasi, domin na auno faɗin abin da ido ke gani ne kawai, na manta cewa kowane gefe na gilashin yana shiga cikin ƙarfen da ke riƙe shi. Mai shagon ya dubi takardata ya yi murmushi ya ce, “Malam, in na yanka maka a haka, faɗowa zai yi. Ka koma ka zaro lafiyayye guda ɗaya daga tagar ka kawo mini, shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya.” Haka muka yi. Ya shimfiɗa gilashi a kan tebur, ya ɗora katakon awo, ya ja layi sau ɗaya da abin yankansa, ya danna, gilashin ya rabu a kan layin. Sa'annan ya goge bakinsa da dutse don kada ya yanki hannu.

Sanya shi bai ɗauke mu minti goma ba. Na sa safar hannu mai kauri, na ɗan buɗe bakin ƙarfen da filaya, na zare ragowar tsinin da ya yanki yarinyar, na zura sabon fallen a hankali ta ɓangarori biyu a lokaci guda, na mayar da bakin ƙarfen na lanƙwasa. Ga wanda tagarsa ta gilashi guda ce a cikin firam, masu sana'ar sukan rage kamar milimita 3 daga awon gurbin, domin gilashin da aka matse shi ƙam yakan tsage idan zafi ya motsa firam ɗin. Kuma ina roƙon duk wanda zai zubar da fasasshen gilashi ya naɗe shi a cikin kwali ya ɗaure kafin ya kai bola, saboda yaran da ke tonon bola da hannu, wasunsu ko takalmi babu. Kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, to ina ga wanda shi ne ya ajiye shi? Duk abin da muka kashe kuwa bai kai kuɗin datar da nake saye a mako biyu ba.

Na san wani zai ce wannan tsanani ne. Zai ce ina zumunci, ina maƙwabtaka, yaushe za a riƙa lissafin gilashi guda tsakanin Musulmi, har a fasa asusun yaro? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin yafiya ta fi, kuma al'ummar da ba a yafe wa juna a cikinta zama a cikinta azaba ne. Amma tambayar ita ce, wa ke da ikon yafewa? Mai kaya ne. Abin da ya yaɗu a tsakaninmu shi ne mai ɓarna ya yafe wa kansa a madadin mai kaya, ya ce “ai ba kome,” alhali ba a bakinsa ya kamata kalmar ta fito ba. Shi kuma mai kayan ya yi shiru saboda kunya ko gudun a ce masa marowaci, yana murmushi a fuska, abin yana cinsa a zuci. Irin wannan shirun ba yafiya ba ce, kuma shi ne yake kashe aro da taimakon juna, domin wanda aka mayar masa da kayansa a lalace sau biyu, a karo na uku cewa zai yi babu.

Da na je na shaida wa mai gidan abin da ya faru, dattijo ne da ya haife ni, sai ya ce, “Haba Malam, ai da ka faɗa mini da na ce ka bari.” Na ce, “Baba, ai shi ya sa na gyara kafin in zo.” Ya yi dariya ya sa wa yaron albarka. Da tun ranar farko na je masa ya ce ya yafe, da haƙƙinsa ya sauka, sai ya rage mini haƙƙin iyalina na toshe musu kafar sauro. Abin da ba shi da mafita shi ne wanda na yi, wato ban biya ba, ban kuma nemi yafiya ba.

Ya ɗan'uwa matashi, wataƙila kai ba ka da gidan haya, ba ka da ɗa. To amma ka ari wayar abokinka ta suɓuce fuskarta ta tsage, ka miƙa masa ka ce ya yi haƙuri. Ka ari babur ka dawo da shi madubi a karye. Ke ma 'yar'uwa, kin ari kular maƙwabciya ranar suna ta dawo babu murfi. Ga tagogin azuzuwanmu da ɗakunan kwanan ɗalibai, waɗanda kowa ya san wanda ya fasa, amma da yake na jama'a ne sai a ɗauka ba na kowa ba ne. Duk hukuncinsu ɗaya ne da gilashin tagata. Ka faɗa da bakinka tun kafin a gano, ka miƙa gyara ko ƙima da gaske ba tayin fatar baki ba, in ba ka da hali ka nemi a ɗaga maka ƙafa zuwa wani lokaci sananne, sa'annan ka bar mai kaya ya zaɓa da kansa ko zai karɓa ko zai yafe. Manzon Allah (SAW) ya yi mana gargaɗi cewa haƙƙin da ba a warware shi a duniya ba, a lahira da kyawawan ayyuka ake biyansa, ranar da babu dinari babu dirhami.

Yaron dai har yanzu yana buga ƙwallo, sai dai a filin bayan masallaci, kuma ranar da abokinsa ya ɗaga ƙafa zai buga a tsakar gida, shi ne ya riga ni hanawa.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin bayinSa tun muna da rai, Ya yafe mana abin da muka manta da wanda muka jinkirta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, kuma ina maraba da gyara daga malamaina da 'yan'uwa. Wallahu a'alam.