Zobonmu ma ya cancanci a ba shi maki

A ƙasar Beljiyam akwai giyar da ake kira kriek, wadda ake jiƙa 'ya'yan ceri a cikinta har ta yi ja. Masu shan ta kan duba launinta da ƙamshinta da ƙarfinta, sannan su ba ta maki a manhajoji irin su Untappd, wanda mafi girmansa tauraro biyar ne. A 2016 UNESCO ta saka al'adar giyar ƙasar cikin kayan gadon al'adu na duniya.

Mu a nan Jigawa giya haramun ce, kuma jihar tana bin tsarin Shari'a tun shekarar 2000. Amma akwai abin koyi a wannan ɗabi'a ta ɗanɗanawa da auna inganci: ita ce ke sa mai sana'a ya gyara, mai saye kuma ya san abin da ya biya.

Kayan haɗi ba su ne matsalarmu ba. Jigawa na cikin manyan masu noman zobo a Najeriya, ana kai shi har Meziko, inda ake shan sa da sunan agua de jamaica. Dutse kuwa garin dabino ne, a nan cibiyar NIFOR take da tashar binciken dabino. Ga aya, ga tsamiya, ga citta da kanumfari a kasuwar Shuwarin. Duk da haka, gorar zobo a tasha ba suna, ba ranar haɗawa, sai dai ka sha ka yi addu'a.

Ma'aunin ba wuya. Launi: jan zobo na gaske ne ko kala aka zuba? Ƙamshi: citta ta fito ko fulebo ya danne komai? Zaƙi: dabino ne da sukari, ko sakarin mai barin ɗaci a maƙogwaro? Sai tsaftar ruwa da gora.

Na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Kunun aya da aka bari cikin zafin Afrilu babu ƙanƙara yakan fara tsami, gorar ta kumbura, saboda ƙwayoyin yis suna cin sukarin suna fitar da iska da ɗan barasa. Ta wannan hanyar ake yin giya. Gorar da ta yi tsit da ƙarfi da aka buɗe ta, a zubar da ita.

Ya kamata a riƙa shirya gasar ɗanɗano a Dutse kafin kowane azumi, alƙalai su haɗa da masana abinci da ma'aikatan lafiya da matan da suka daɗe a sana'ar. Wadda ta yi fice a taimaka mata da rajistar NAFDAC da firji mai amfani da hasken rana. Matan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da ke ciyar da gida da wannan sana'a sun cancanci a san sunan zobonsu.