Wa zai faɗa wa ɗan Katako irin ɗarin bana?

Damina ta tattara nata ya nata, kaka ta shigo, kuma duk wanda ya ratsa kasuwar Katako a ƴan kwanakin nan ya ga alama. An fara kwance dilolin bosho, barguna da rigunan sanyi da hulunan yara sun hau igiya, maƙera kuwa sun duƙufa ga ƙirar murhun Mai Sauƙi da kaskon gawayi. Amma fa har yanzu zufa ake yi, domin a Yamai watan Oktoba ƙanen Afrilu ne wajen zafi. Ke nan dukiyar da aka zuba cikin wannan kaya, an zuba ta ne a kan ɗarin da bai zo ba tukuna.

In ya zo da wuri kuma da ƙarfi, wanda ya yi nawar saro kaya sai ya zauna yana kallon maƙwabcinsa yana ƙirga kuɗi. In ya makara, ko ya zo sama-sama ya wuce, bargo ya kwana shekara guda a mangaza, ƙura da ɓera suna rabonsa, jari ya kwanta, mai bashi kuma ba ya jiran baɗi. Rufe iyakar Benin a 2023 ya karkatar da kaya daga tashar Kwatano zuwa ta Lome, ta ƙasar Burkina, hanyar da ta fi tsawo da tsada, saboda haka mai yin odar kwantena tilas ya yanke shawara tun ana tsakiyar ruwan Agusta. Ma'aikaci ma bai tsira ba: komawar yara lakkol ta gama da albashin Oktoba, sannan ga kayan sanyi, ga itace da gaz na ɗuma ruwan wanka.

Abin mamaki, birane kaɗan ne a Afirka suka tara masanan yanayi kamar Yamai. A Harobanda akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya halaka dabbobin Sahel. Akwai ACMAD, cibiyar Afirka baki ɗaya, da aka ƙirƙiro a 1987, ta kama aiki a nan a 1992. Ga kuma ma'aikatar meteyo ta ƙasa. Tun taron farko da aka yi a Abijan a 1998, kowace shekara masana na haɗuwa kafin faɗuwar ruwa, su bayyana yadda suke ganin damina za ta kasance, rediyo kuma ta kai labari har ƙauye. Wannan daidai ne, tunda hatsi shi ne rai. To amma hunturu fa? Abin da ake wallafawa game da shi, har da gargaɗin sanƙarau da ACMAD ke fitarwa a lokacin rani, yawanci yana tsayawa ne cikin Faransanci da Ingilishi a intanet, inda mai rumfa ba ya leƙawa.

Sai dai kafin mu nemi abu, ya kamata mu san iyakar abin da ilimi zai iya bayarwa. Tun 1963 wani Ba'amurke, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙane a awon yau yakan yi ta girma har ya rushe lissafi gaba ɗaya, shi ya sa hasashen rana da rana ba ya wuce wajen mako 2, komai girman kwamfuta. Duk wanda ya ce maka tun yanzu ya san asubar 10 ga Janairu za ta yi jaura, tatsuniya yake yi maka. Abin da ake iya faɗa wata 3 kafin lokaci shi ne rinjaye: a ce, alal misali, kashi 45 cikin 100 sanyi zai fi na kullum, 35 daidai, 20 ƙasa da haka. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane irin wannan magana, don kullum da ita yake ciniki.

Ɗarinmu daga arewa yake tasowa. Idan iska mai nauyi ta taru a kan Libiya da Aljeriya, sai ta gangaro kudu maso yamma, ta matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi a Cadi, ta faɗa kwarin Bodele, tsohon gindin tafkin Cadi da ya ƙafe, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Daga can hazo ke bi ta Damagaram da Maraɗi da Kano, ya iso mana cikin kwana 1 zuwa 3. A lura kuma, hazo da ɗari ba abu ɗaya ba ne. Hazo yana tare rana, ya sanyaya yini. Amma asubar da ta fi cizo ita ce wadda ta biyo daren da sama ta yi garau, iska ta bushe, zafin ƙasa ya tsere ba abin da ya tare shi. A Yamai daren Janairu yakan tsaya wajen digiri 16. A Bilma kuwa, ranar 13 ga Janairun 1995, awo ya sauka digiri 2,4 ƙasa da sifiri, kuma a kan dutsen Bagzam na Abzin ruwa kan daskare.

Turawa da Amurkawa, waɗanda sanyi ke ci wa dukiya mai yawa wajen gaz da lantarki, sun daɗe suna neman alamar da za ta tona asirin hunturu tun kaka. A 1999 Judah Cohen ya kawo ra'ayin cewa idan dusar ƙanƙara ta shimfiɗu da wuri a Saiberiya, to gabashin Amurka da Turai su shirya wa sanyi mai tsanani. Ya dace a wasu shekaru, jaridu suka yi ta yayata shi, sannan wasu shekarun suka zo suka ƙaryata lissafin. Wasu suna duban zafin tekun Fasifik, wato El Nino, wasu suna duban bambancin nauyin iska tsakanin tsibiran Azor da Aislan, wanda bincike ya nuna yana da hannu a yawan ƙurar da Sahara ke fitarwa. Har yau babu alama guda da ta isa a jingina da ita ita kaɗai.

Hotunan dusar ƙanƙara a kan rairayin Ain Sefra ta Aljeriya, a Disamban 2016 da Janairun 2018, sun zagaya wayoyin mutane, har wasu suka ce zamani ya juya. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1000, kuma an taɓa ganin haka a 1979. Amfanin labarin gare mu kaɗan ne amma na gaske: idan sanyin Turai ya kutso har can, sau da yawa bayan ƴan kwanaki iskar hunturu takan ƙara ƙarfi a wajenmu.

Mu ma muna da namu lissafin. Malamai suna ƙirga taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya 14, kuma wannan ƙirga ta fi watannin Musulunci dacewa da yanayi, tunda su suna ja baya da kwana 11 duk shekara. Tana faɗin lokacin da ɗari ya saba shiga, amma ba ta bambanta bana da bara. Maganar da ake yi cewa damina mai albarka ita ke haifar da ɗari mai tsanani kuwa, ni dai ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya ci bashi a kanta ba.

Roƙonmu ga masana bai da yawa. A farkon Oktoba, a fito a Muryar Sahel da gidajen rediyo masu zaman kansu, da Hausa da Zabarmanci, a faɗi inda rinjaye yake, ko da amsar ita ce bana alamu ba su nuna komai ba. Daga Nuwamba kuma a riƙa ba da gargaɗin hazo na kwana 3, wanda wata cibiya a Basalona ta ƙasar Sifen ke fitarwa kullum, domin mai mota mai zuwa Agadas, da mai asma, da uwar jariri su kintsa. Kafin a kai can, masu wayo a Katako suna raba odarsu biyu, rabi yanzu, rabi daga Maraɗi ko Kano idan ɗari ya nuna fuskarsa, ko da ribar za ta ragu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.