Wa Ya Haramta Mana Kalmar "Gicciye"?

Akwai wata magana da ta fara yawo a tsakanin wasu marubutanmu da masu tsara labarin fim, wadda in aka yi mata shiru za ta zama doka ba tare da kowa ya kafa ta ba. Wai kalmar "gicciye" ta coci ce, saboda haka bai dace ta fito a littafin Musulmi ko a bakin jarumin fim ba. Ni kaina wani mai duba rubutu ya taɓa soke min ita a inda na ce 'yan fashi sun ajiye gungume a gicciye kan hanya, ya ce in nemi wata don gudun fitina. Jama'a, wace fitina ce a jikin gungume?

Da farko dai kalmar nan ba baƙuwa ba ce. 'Yar gida ɗaya ce da "gitta" da "gicci". Akuya ta gitta ta gaban mota, direba ya yi tsaki ya ce dabbar nan ta cika gicci. Yadda "t" ke rikiɗa ta koma "c" kuwa tsohuwar ɗabi'ar Hausa ce da ko yaro ke bi bai sani ba: sata da sace, fita da fice, mota da motoci. Duk abu biyu da ɗaya ya ratsa ɗaya, kowa ya wuce abinsa, to sun gicciya. Lokacin da su Dakta Miller na Wusasa suka fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke a 1932, ba ƙirƙiro kalmar suka yi ba. A bakin mutane suka tsince ta, don ita ce ta dace da siffar itace biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Saɓanin aƙida a kan wannan batu na malamai ne da fastoci, ba da shi na zo ba. Abin da nake cewa shi ne aro suka yi, kuma ban taɓa jin inda mai riga ya bar wa wanda ya ara don ya gan ta a jikinsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda wannan tunani ya samo asali. Duk wanda ya san Kaduna ya san abin da rikicin 2000 da na 2002 suka yi mana. Kogi ya zama iyaka, Musulmi da yawa suka kwashe suka koma arewacin gari, Kiristoci suka tattaru a Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi. Mun raba unguwanni, mun raba kasuwanni, yanzu kuma kalmomi za mu zauna mu raba? Alhali a kudancin kogin nan, Bajju da Atyap da Gbagyi da Hausa suke ciniki, da ita suke wa'azi ranar Lahadi, kuma cikinsu akwai masu kallon finafinanmu.

Kuma in an kore ta, da me za a maye gurbinta? Wasu sukan ce ai ga "mahaɗa" ga "mararraba". Haba malam! Ka je tashar jirgin ƙasa ta kudancin gari, wadda Turawa suka kira Kaduna Junction, inda dogon da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya zo ya tarar da na Ikko zuwa Kano. Wannan mahaɗa ce, biyu sun zama ɗaya. Ka bi hanyar Kachia wajen matatar mai ka isa Mararrabar Rido, nan hanya ce ta rabu, daga "raba" sunan ya fito. (Masu rubuta "Maraban Rido" a allo kuma, ranarsu daban.) Amma inda dogo ya ratsa titi, jirgi ya wuce, mota ta wuce, ba a haɗu ba kuma ba a rabu ba. Ka tambayi tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, irin su KTL da aka buɗe a 1957 ta durƙushe a 2002, yadda ake samun yadi. Zare ne na kwance yake gicciya na tsaye sau dubbai. Rigar da liman ke hawa mumbari da ita haka aka saƙa ta.

Abin dariyar ma, masu ƙyamar "gicciye" su ne za ka buɗe littafinsu a Wattpad ka ga wai Alhaji ya yi "kurosin" ɗin ƙafafunsa, ko yarinya za ta yi "kurosin" titi. Ga harɗe ƙafa, ga tsallaka titi, duk an zubar. Ashe dai ba gicciyen ake gudu ba, tunda in ya sako kwat ya zo da Turanci har shimfiɗa ake yi masa.

Masu duba rubutu da masu tace labarin fim su bar mana kalmarmu. Wanda kuma ya nace sai ya soke ta, to ya fara da kankare dagin Arewa daga bangon fada da wuyan babbar rigarsa, sannan ya dawo ya gaya mana sunan abin da layukan dagin suka yi wa juna.