Idon Tsohuwa Ya Fi Kulkin Ɗan Sanda

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita a wannan mujalla tamu kowa ya ji. Kwanakin baya ina zaune a gindin darbejiyar da ke bayan ajinmu, ina karanta wani ɗan littafin Turanci da na saya wurin masu gwanjon littattafai, sai wani daga cikin manyanmu a karatu ya tsaya a kaina. Ya karɓi littafin, ya duba gabansa da bayansa, ya yi tsaki, ya ce ashe har yanzu akwai ɗalibin adabi mai ɓata lokacinsa a kan tatsuniyar tsofaffin matan Ingila. Ya ce wane irin labari ne wannan, an kashe mutum amma ana ta shan shayi kamar ba a yi komai ba. Ya miƙo mini abina ya wuce. A lokacin kunya ta hana ni tanka masa, domin ba a yi wa na gaba musu a bainar jama'a. To, amma alƙalami ba ya jin kunya.

Littafin nan shi ne The Murder at the Vicarage, wanda Agatha Christie ta fitar a 1930. Yana cikin wani jinsin ƙagaggun labarai da Turawan Ingila suka shahara da shi, watau labarin binciken kisa mai sanyi. Siffarsa sananniya ce. Wurin ƙarami ne, ƙauye ko gida guda, inda kowa ya san kowa. Ba a nuna wa mai karatu zubar jini ko azabtarwa, gawa kawai za a tsinta. Waɗanda ake zargi ba su da yawa, kuma duk maƙwabtan mamacin ne ko danginsa. Wanda zai warware matsalar kuwa ba ɗan sanda ba ne, ba shi da albashi, ba shi da kaki, ba wanda ya sa shi. A wannan littafi wata tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, ana ce da ita Miss Marple, mazauniyar wani ƙagaggen ƙauye mai suna St Mary Mead. Aikinta saƙa da gyaran lambu da kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, wanda a wasu lokuta yakan hango mata abin da ya wuce tsuntsu. Ta fara bayyana a wani gajeren labari a 1927, kuma littattafai 12 Christie ta rubuta a kanta, na ƙarshensu ya fito a 1976, shekarar da marubuciyar ta rasu.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. An tsinci gawar Kanar Protheroe a ɗakin karatun limamin cocin ƙauyen, an harbe shi. Mutum ne mai tsananin hali, kusan babu wanda bai taɓa ɓata wa ba, saboda haka masu dalilin kashe shi suna da yawa. Kafin a je ko'ina mutum biyu sun fito, kowanne ya ce shi ya yi. Sufeto Slack ya zo da kuzarinsa da gadararsa, ya ga agogon tebur ya faɗi ya tsaya, nan da nan ya yanke cewa ya san lokacin kisan. Limamin ya yi ta ƙoƙarin gaya masa cewa da gangan ake gaggauta agogon nan da minti 15, amma Sufeto bai bar shi ya rufe baki ba. Ita kuwa tsohuwa tana lambunta, ta ga matar Kanar ta wuce, ta lura ba ta riƙe da jakar hannu. Wa zai kula da wannan? Sai wadda ta san cewa ba al'adar mace irin wannan ba ce ta fita hannu sake. Ba zan gaya muku inda jakar ta kai labarin ba, ku je ku karanta. Abin da nake so a riƙe shi ne, mai iko ya ƙi sauraro ya ɓata, marar iko ta saurara ta gano.

Yanzu bari mu ɗauki tuhumar da ake yi wa irin waɗannan littattafai ɗaya bayan ɗaya. Ba babban namu ne ya fara ta ba, tun kafin a haifi iyayenmu ake yin ta.

Tuhuma ta farko ita ce wai ƙarya ce tsagwaronta, ba haka ake kisa a duniya ba. Wannan ita ce hujjar Raymond Chandler, marubucin Amurka, a wata maƙala da ya buga a 1944, inda ya nuna cewa labaran Ingila shiri ne kawai irin na wasa, kuma ya fifita labaran titunan manyan birane masu bindiga da 'yan daba. To, mun ji. Amma ina so in tambayi masu wannan ra'ayi a sashenmu: yaushe muka fara auna adabi da ma'aunin rahoton 'yan sanda? Mun karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mun rubuta jarrabawa a kansa, ban taɓa jin wanda ya ce a jefar da shi don Alhaji Imam ya yi hulɗa da aljannu ba. Gaskiyar da ake nema a ƙagaggen labari ita ce gaskiyar halin ɗan Adam, kuma a nan Christie ba ta yi ƙarya ba. Masu kisa a littattafanta suna yi ne saboda gādo, ko kishi, ko tsoron tonon asiri, kuma yawanci daga cikin gida suke. Hausawa ma sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Tuhuma ta biyu ita ce wai ɓata lokaci ne. Edmund Wilson, wani babban mai sharhin adabi a Amurka, ya rubuta a 1945 yana tambayar wa ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd, watau mamacin wani littafin Christie na 1926, har ya ajiye karatun irin waɗannan littattafai kusa da shan taba. Mu kuwa ɗaliban Hausa bai kamata a ji wannan magana a bakinmu ba. Ashe ba mu ne muke zama aji guda muna nazarin kacici-kacici a matsayin adabin baka ba? Ba mu ne muke rubuta cewa yana wasa ƙwaƙwalwar yaro, yana koya masa lura ba? To, labarin binciken kisa kacici-kacici ne mai shafi 200, kuma yana da dokokinsa. A 1929 wani malamin coci mai suna Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na wannan fanni. Daga cikinsu akwai cewa dole mai laifin ya kasance wanda aka gabatar tun farkon labari, dole mai bincike ya nuna wa mai karatu duk alamar da ya gani, ba a yarda a warware matsala da sa'a ko da wahayi ba, kuma ba a yarda a ɗora laifi kan aljani ko tsafi ba. Ma'ana, marubuci da mai karatu suna zaune a kan tabarma ɗaya, abin da aka ba tsohuwa an ba ka. In ta riga ka ganewa, lurarta ce ta fi taka. Wanda ya ce wannan ɓata lokaci ne, sai ya fara da soke darasin kacici-kacici.

Tuhuma ta uku ita ce ta babban namu, wai an mayar da ran mutum abin wasa, ana mutuwa ana shan shayi. Wannan ta fi sauran nauyi, kuma ita ce ta fi kuskure. Mawaƙin Ingila W. H. Auden, wanda ya amsa da bakinsa a 1948 cewa ya kamu da son waɗannan littattafai, ya bayyana cewa gwargwadon natsuwar wuri, gwargwadon yadda gawa ke girgiza shi. Ku duba da kyau. A fim ɗin harbe-harbe ana kashe mutum hamsin kafin a ci rabin labari, ba wanda ya san sunan ko ɗaya. A littafin Miss Marple mutum ɗaya ne ya mutu, mutumin da ba a ma ƙaunarsa, amma duk ƙauyen ya kasa barci sai an san wanda ya kashe shi. Wanne ne ya raina rai a cikin biyun? Shayin da ake sha ba na murna ba ne. A wurin shan sa ne ake hira, a cikin hira kuwa ake suɓutar baki.

Akwai tuhuma ta huɗu, wadda ni kaina na yarda da rabinta. Littattafan nan 'ya'yan zamanin mulkin mallaka ne. A cikinsu za ka tarar da kanar-kanar da suka yi ritaya daga mulkin ƙasashen wasu, da 'yan aikin gida da ake nunawa kamar marasa wayo, da kalaman raini ga baƙi. Har akwai littafinta na 1939 da aka sauya wa suna saboda kalmar cin mutuncin baƙar fata da ke jikinsa. Wannan duk gaskiya ne, kuma ɗalibi ya karanta da idonsa a buɗe. Amma ba a ƙona rumbu don an ga ɓera a ciki. Salon ya daɗe da fita daga hannun masu shi. A Amurka an yi shirin talabijin na Murder, She Wrote daga 1984 zuwa 1996, inda wata gwauruwa marubuciya ke bincike a wani ƙaramin garin bakin teku. A 2020 Richard Osman ya fitar da The Thursday Murder Club, labarin tsofaffi huɗu 'yan fansho da ke bin sawun masu kisa. Kusan shekara ɗari ke nan mutane ba su gaji ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

To, mene ne sirrin? A ganina shi ne wannan: labarin yana ɗaukar mutumin da kowa ya raina ya ba shi gaskiya a hannu. Miss Marple ba ta da digiri, ba ta da ofis. Makaminta guda ne, ta zauna shekara da shekaru a ƙauye ɗaya tana nazarin mutane, har ta gane cewa halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. In ta ga baƙo, sai ta tuna wani mahauci ko wata 'yar aiki da ta taɓa sani mai irin halinsa, ta auna wannan da wancan. Haka ma Father Brown na G. K. Chesterton, wanda ya fara bayyana a 1910, ɗan gajeren malamin coci ne mai yawo da tsohuwar laima, wanda ya san mugunta saboda yawan sauraron masu tuba. Mai laifi yakan ɓoye wa Sufeto, amma ba ya damuwa da tsohuwa, a nan kuwa asirinsa ke tonuwa.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne na taɓa ganin irinta a gidanmu. Ina ƙarami kuɗin adashin mahaifiyata suka ɓace. Kafin azahar an yanke hukunci, almajirin da ke yi mana aike ne. Aka kama shi, aka doke shi, yana kuka yana rantsuwa. Kakata ba ta ce uffan ba sai da ƙura ta lafa, sannan ta yi tambaya ɗaya: da daddare aka ɗauke kuɗin daga ƙarƙashin katifa aka sa a kwalla, bayan yaron ya koma makaranta, to wa ya ga an sauya musu wuri? Aka yi tsit. Kafin magariba kuɗi sun fito daga aljihun ɗan gida. An mayar wa mahaifiyata kuɗinta, amma ba wanda ya iya cire wa yaron nan dukan da ya sha. Wa a cikinmu bai san irin wannan ba? Yaro ya mutu farat ɗaya a ce kishiya ce ta yi sammu, ko a nuna wata tsohuwa a ce mayya ce. A yi ihun ɓarawo a kasuwa, a far wa mutum kafin a tambayi sunansa. Muna faɗin zato zunubi ko da ya zama gaskiya, amma a baki kawai. Littafin da ke horar da mai karatu, shafi bayan shafi, cewa wanda aka fara zargi ba lalle ne shi ba, cewa ko wanda ya amsa laifi sai an bincika, cewa ba a kama aljani a bar mutum, ai ba littafin banza ba ne a ƙasa irin tamu.

Saboda haka ina kira ga 'yan wannan ƙungiya masu sha'awar rubutu. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 kasuwar littattafan Hausa ta cika da labaran soyayya, kuma ba na ƙin su. Amma ga fili nan a buɗe. Ba ma bukatar aron tsohuwar Ingila, muna da tamu. Ku dubi dillaliya. Gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, ɗan sanda sai ya tsaya a zaure ya jira mai gida, ita kuwa kai tsaye take wucewa har ƙuryar ɗaki da ƙunshinta a ka. Ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye, ta san wanda bashi ya kama, ta san gidan da aka daina ɗora tukunya sau uku. Ko ku dubi ungozoma, ko wanzami, ko mai shayin bakin tasha. A ba ɗaya daga cikinsu gawa guda da mutum shida abin zargi, a bi ƙa'ida, kada a kira boka ya duba ƙasa, a bar hankali ya yi aikinsa.

Shi kuma babban namu, ina ba shi haƙuri in na yi masa rashin kunya. Littafin yana nan wurina, zan ara masa. Sharaɗi ɗaya ne: in ya kai babi na ashirin ya rufe, ya rubuta sunan wanda ya kashe Kanar a takarda ya ba shugaban ƙungiya ya ajiye. In ya canka daidai, na yarda tatsuniyar tsofaffi ce, kuma zan janye maganata a fitowa ta gaba. In kuwa ya faɗi, to sai ya ba tsohuwa gari.