Yawan Hayaƙi Ne Ke Cinye Batirin Sigarin Lantarki

Matashin da ya san bai kamata ya bar wayarsa a caji har gari ya waye ba, shi ne kuma zai ɗauki sigarin lantarki ya murɗa shi zuwa wat 80, sannan ya yi mamakin yadda batirin ya mutu cikin 'yan watanni. Sai a ɗora laifin a kan kamfani ko mai shago. Wani lokacin kayan ne jabu, amma galibi nauyin da aka ɗora wa batirin ne ya fi ƙarfinsa. Batirin waya da na sigarin lantarki 'yan gida ɗaya ne, dukkansu na litiyam. Sai dai waya ba kasafai take jan wutar da ta wuce amfiya 2 ba, alhali babban sigarin lantarki yana iya jan amfiya 20 a zuƙa guda.

Boltej, amfiya da turjiya

Misalin tankin ruwa ya isa. Boltej shi ne matsin ruwan da ke cikin tanki, amfiya ita ce yawan ruwan da ke gudu a bututu, turjiya kuma ita ce ƙuncin bututun, ana auna ta da om. A cikin sigarin lantarki, kwayil, wato nannaɗaɗɗiyar wayar da ke zafi ta mayar da ruwan nikotin tururi, ita ce bututun. Ƙa'idar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce idan aka raba boltej da turjiya, abin da ya fito shi ne amfiya.

Batirin litiyam da ya cika yana kan bolt 4.2. Idan aka haɗa shi kai tsaye da kwayil mai om 1.2, zai ba da amfiya 3.5. Idan aka sauya kwayil zuwa mai om 0.2, irin wanda masu son turnuƙe ɗaki da hayaƙi ke nema, amfiyar za ta haura zuwa 21. Zafin da ke taruwa a cikin batir kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya: idan ta ninka sau biyu, zafin ninkawa yake yi sau huɗu. Daga 3.5 zuwa 21 ninki shida ne, zafi ya zama ninki 36 ke nan. Zafi ne ke tsufar da sinadaran da ke cikin batir, ya rage yawan cajin da yake iya riƙewa.

Tarkon na'ura mai allo

Masu na'urar da ke da allo da maɓallin saita wat sukan ɗauka sun tsira. Lissafi bai goyi bayansu ba. Wat shi ne boltej sau amfiya. Wanda ya saita wat 60 a kan batir ɗaya, lokacin da batirin ke cike zai riƙa jan kusan amfiya 14. Idan caji ya yi ƙasa, boltej ya sauka zuwa 3.2, na'urar za ta ƙara jan wuta don ta cike giɓin, har ta kusa amfiya 19. Wato batir ya fi shan wahala a daidai lokacin da ya fi rauni.

Batir mai mAh 3,000 yana ɗauke da makamashin da zai ba da wat 60 na kusan minti 11 kacal, kimanin zuƙa 200 idan kowace daƙiƙa uku ce. A wat 15, batirin nan zai ba da zuƙa sama da 800. Irin waɗannan batura sukan jure cikakken caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsu ya ragu sosai. Mai wat 60 yana cinye wannan kason da saurin da ya ninka na mai wat 15 sau huɗu, tun kafin a sa ɓarnar zafi a lissafi.

Lambar da ya kamata a duba

Kasuwa ta saba wa mutane da neman mAh mai yawa, domin ita ake rubutawa da manyan haruffa. A sigarin lantarki, lambar da ta fi muhimmanci ita ce CDR, wato iyakar amfiyar da batir zai iya bayarwa ba tsayawa ba tare da ya yi zafin da ya wuce ƙima ba. Baturan Samsung uku masu girma ɗaya, samfurin 18650, sun nuna yadda abin yake: 25R yana da mAh 2,500 da amfiya 20, 30Q yana da 3,000 da amfiya 15, 35E kuma yana da 3,500 da amfiya 8 kawai. Duk lokacin da mAh ya hau, amfiya sauka take yi. Wanda ya zaɓi 35E don ya fi "girma" ya sa shi a wat 60, garin neman ƙiba ya samo rama. Batir 18650 da aka rubuta wa mAh 9,900 kuwa ƙarya ce tsagwaronta, babu irinsa.

Wannan ya wuce maganar asarar kuɗi. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa ko kama wuta 195 na sigarin lantarki daga 2009 zuwa 2016. A 2018 wani mutum ya rasu a Florida, a 2019 wani ya rasu a Texas, dukkansu bayan na'urar ta tarwatse. Batir tsirara a aljihu ɗaya da makulli ko tsabar ƙarfe yana iya haɗa wuta nan take. Saboda haɗarin gobara ne kamfanonin jiragen sama suka hana sa sigarin lantarki a kayan da ake shigarwa ƙarƙashin jirgi.

Caji da zafin gari

Ajiye batir a cike, a bolt 4.2, yana gajiyar da shi ko ba a taɓa shi ba. Dalilin da ya sa Apple ya ba masu iPhone 15 damar tsayar da caji a kashi 80 ke nan. Barin batir ya ƙare ƙarƙaf, ƙasa da bolt 2.5, shi ma lahani ne da ba ya gyaruwa. Sannan masu ƙera baturan suna iyakance caji a zafin da bai wuce digiri 45 ba. A Sakkwato ko Maraɗi da bazara, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, na'urar da aka jona a caji cikin mota a rufe ta riga ta tsallake wannan iyaka.

Sigarin da ake zuƙa a yar ya fi kowanne ɓarna. Masu bincike a jami'o'in Oxford da UCL sun nuna a 2023 cewa baturan da ke cikinsa suna iya ɗaukar caji sau ɗaruruwa, amma bola suke ƙarewa bayan 'yan kwanaki. Birtaniya ta haramta sayar da shi daga 1 ga Yunin 2025.

Wanda ba ya zuƙa ba shi da dalilin farawa, domin nikotin kama mutum take yi. Wanda ya riga ya fara, ya kamata ya rage wat, ya koma kwayil mai om 1 ko sama, ya cire caji da zarar ya cika, ya kuma daina amfani da duk batirin da ledar jikinsa ta yage. Mai shagon da ba zai iya faɗin CDR na batirin da yake sayarwa ba, bai cancanci a ba shi kuɗi ba.