Bazarar Littafi Da Bazarar Tsafe

Kwanakin baya na shiga wani kantin littattafai a Gusau, na ɗauki wani ɗan littafin yara mai hotuna, irin waɗanda ake fassarowa daga Turanci. Shafinsa na farko ya nuna furanni sun buɗe, ƙanƙara tana narkewa, a ƙasa kuma an rubuta wai bazara ta zo. Mafassarin ya rasa sunan da zai ba lokacin da Turawa ke fita daga sanyi, sai ya cafko kalmar da ta fi kusa da hannunsa.

Yaron Tsafe ya san bazara: zafin watan Afrilu, rijiyoyi sun ja baya, dabbobi sun rame, ana kwana a tsakar gida. Idan littafi ya nuna masa bazara da furanni, abin da zai koya shi ne cewa maganar littafi daban, abin da idonsa ke gani daban. Wannan ba ƙaramar illa ba ce ga mai fara karatu.

Ba na zargin Turawa. Sun ɗauko waƙoƙin magabatansu kan lokacin da suke ɗoki, suka yi musu zane, suka miƙa wa 'ya'yansu. Lokacin da mu muke ɗoki kuwa faɗuwar damina ne: dawowar shamuwa, haɗuwar hadari daga gabas, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, kukan kwaɗi da dare, sannan fitar gari gaba ɗaya zuwa shuka. Kuma ba mu rasa waƙa ba. Na'ibi Sulaimanu Wali ya bar mana Waƙar Damina, wadda ɗalibanmu ba sa haɗuwa da ita sai sun girma, lokacin da ake tambayarsu karinta da amsa-amonta don cin jarrabawa. Ga kuma waƙoƙin noma da makaɗan gayya suke yi a ƙauyukan Bungudu, waɗanda galibinsu ba a ko rubuta su ba.

Wani zai ce jihar da ke fama da 'yan bindiga tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Haka ne. Sai dai tun da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996 da noma take alfahari, ga shi yau akwai yaran da rikici ya koro iyayensu zuwa Gusau, suna tasowa ba su taɓa bin sahun uba a kunya ba. Su ne suka fi kowa bukatar wannan littafi.

Aikin ba shi da tsada. Baiti ɗaya a kowane shafi, da izinin magada, da zanen Dutsen Kwatarkwashi ya yi kore, da gero yana tsirowa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za ta iya haɗa malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da masu zane, a buga kafin ruwan baɗi ya sauka.