Gano Ciwon Ƙodar Masu Suga ta Ƙwayoyin Gado: Fa'idodi da Illoli

A Kirikasamma da sauran garuruwan fadamar Haɗeja, ciwon ƙoda ba baƙo ba ne. Da yawa ba sa sanin suna ɗauke da shi sai ƙafafu sun kumbura, magana ta kai ga wankin ƙoda. Idan suga ya daɗe da yawa a jini, wasu ƙwayoyin ƙoda kan fashe su mutu, su tayar da kumburi a kewayensu. Ƙwayoyin gado irin su NLRP3, CASP1 da GSDMD ne ke tafiyar da wannan mutuwa, shi ya sa masu bincike ke ganin auna ƙarfin aikinsu zai iya tona cutar da wuri.

Fa'idodi

Gwajin kiriyatinin, wanda aka saba auna aikin ƙoda da shi, yakan nuna matsala ne bayan ƙoda ta riga ta yi asarar aiki mai yawa. Akwai kuma masu suga da ƙodarsu ke lalacewa alhali furotin bai fito a fitsari ba. Alamar da ta riga waɗannan bayyana za ta ba likita damar fara magungunan kare ƙoda tun da sauran abin cetowa.

Binciken na iya buɗe ƙofar sababbin magunguna, ko da yake sai a 2015 aka gano rawar da GSDMD ke takawa.

Illoli

Kumburi ba na ciwon suga kaɗai ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ma yana tayar da NLRP3, ga kuma tsargiya da ta yawaita tsakanin masunta da manoman shinkafa. A irin wannan yanki, sakamako na iya ɗora wa suga laifin da ba nasa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin daga Haɗeja zuwa Gashuwa ana samun masu ciwon ƙoda da ba su da suga, kuma har yanzu ana binciken musabbabin.

Yawancin hujjojin sun fito ne daga ɓeraye da tsokar ƙodar mutane ƙalilan a Sin, Turai da Amurka. Mutanen Afirka ta Yamma kuwa suna da nasu bambancin gado, kamar nau'o'in APOL1 masu ƙara haɗarin ciwon ƙoda.

Sai batun kuɗi. Gwajin ƙwayoyin gadon yana buƙatar na'urori masu tsada, firji da wutar da ba ta ɗaukewa, alhali gwajin furotin a fitsari, mai sauƙin kuɗi, bai kai ga kowane mai suga a karkara ba tukuna.